Injiniya Osbert Ya Yi Wa Viola Fiffike

Ranar da Osbert Fleming ya sauko daga jirgin fito da akwatuna uku da tumbi guda, babu wanda ya gane shi a bakin gaɓa sai da ya buɗe baki. Shekara tara da suka wuce ya bar tsibirinmu na Anguilla siriri kamar sandar kamun kifi, ya tafi Ingila. Ga shi ya dawo da farar hula mai hoton anga, ƙarfen nan na tsayar da jirgi, tabarau rataye a wuya, fensir maƙale a bayan kunne. Muryar ce kawai ba ta canza ba, ita da cika bakin.

"Daga yau a daina ce min Bertie," ya faɗa wa masu ɗaukar kaya tun kafin ya gaishe su. "Injiniya Fleming. Masanin ƙirar jiragen tsere."

Mu dai a ƙauyenmu mun ce to. Ai 'yar ƙanwar maƙwabciyarsu Mis Pearline tana aikin jinya a can, kuma ta taɓa leƙa shi a wurin aikin nasa. Ta ce gaskiya ne, katafaren ɗaki ne mai dogon tafki a tsakiya, inda masana ke gwada 'yan ƙananan jirage kafin a ƙera manya. Ta ce gaskiya ne kuma Bertie yana cikin ɗakin kullum, da tsintsiya a hannu ɗaya, da doguwar ƙugiya ta ciro jiragen in sun maƙale a ɗaya hannun.

Ba kewar gida ce ta dawo da shi ba. Mahaifinsa, Baba Lemuel, ya rasu a watan Maris, ya bar gida da awaki biyar da Viola. Viola jirgin tsere ce ta katako, ƙafa ashirin da takwas, wadda tsohon ya sassaƙa da ido, bai taɓa ja mata layi ɗaya a takarda ba, ya kuma sa mata sunan matarsa. Abin da kowa ya zuba wa ido shi ne sandar tuƙinta. Tafin hannun tsohon ya ci itacen har ya yi ɗan kwarmi mai sheƙi, kuma duk wanda ya gaji wannan sanda shi ne kyaftin ɗin ƙauye.

Matsalar ita ce Eudora, yayar Osbert. Shekara tara tana zaune a gefen tsohon cikin jirgi. Da hannunsa ya fara rawa, ita ce ke riƙe sandar daga ƙasa yana ɗora nasa a sama, mu kuma muna yi kamar ba mu gani ba. Amma Osbert ya ce shi ne ɗa namiji, kuma shi ne mai ilimi.

Aka kai magana gaban Baffa Hubert, ƙanin marigayi, a rumfar da Viola ke kwana. Tsohon ya daɗe yana sosa gemu, sannan ya yanke.

"Tseren Agusta saura wata biyu. Kai za ka tuƙa, Bertie. Hannun da yake kan sandar nan lokacin da Viola ta taɓa tutar ƙarshen tsere, ko ta zo ta farko ko ta zo ta ƙarshe, shi ne mai ita har abada."

"Ta ƙarshe?" Osbert ya kwashe da dariya har tumbin yana tsalle. "Baffa, ni za a yi wa maganar ƙarshe? Jirgin nan tashi zai yi a kan ruwa!"

Ya zagaya Viola yana ƙwanƙwasa ta da fensir yana girgiza kai. Da ya ga tarin duwatsu da buhunan yashi a gefe sai ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Wai har yanzu haka kuke yi? Ku cika cikin jirgi da duwatsu don kada iska ta kifar da ku. In kun juyo gida iska tana bayanku, ku zubar da su a teku don ku yi sauƙi. In sun ƙare ku fara zubar da mutane ɗaya bayan ɗaya. Wannan tsere ne ko kwashe shara?"

"Da kwashe sharar ubanka ya ci kofi goma sha ɗaya," in ji Baffa Hubert. "Amma ba zan yi musu da kai ba. An ce a harkar shara ka fi mu gogewa."

Rumfa ta ɗauki dariya. Osbert ya yi kamar tabarau ɗinsa ne ke bukatar gogewa. Eudora kuwa tana gefe tana ɗinke filafili, wato ƙaton zanen da iska ke turawa, ko kai ba ta ɗaga ba.

Aka shiga bincike. Osbert ya sanar cewa a duniyar da ta ci gaba, jiragen tsere suna da fiffike a ƙarƙashinsu, wanda ke ɗaga su sama in sun yi gudu. Amma ba a taɓa jirgi sai an yi gwaji, kuma gwaji sai da tafki. A tsibirin da babu kogi ko ɗaya, tafki mafi tsawo a ƙauye shi ne tankin simintin da Mis Pearline Gumbs ke tara ruwan sama a bayan gidanta. Mis Pearline maƙwabciyarsu ce, mai tarkunan kifi arba'in a teku da harshe mai kaifin reza a baki. Don haka sai da ya bari ta tafi taron matan coci ranar Talata da safe, sannan ya kwashe katakan da ke rufe tankin.

Ya zo da ɗan jirgin da ya sassaƙa, tsawon kamu biyu, ya shafe shi da jan fenti wanda bai gama bushewa ba. Ya zo da fanka da doguwar waya. Ya kira ma'aikatan jirgi su zo su ga ilimi da idonsu. Denzil mai gasa burodi, ƙaton da ke zama a tsakiyar Viola, shi aka ba riƙon agogo.

Osbert ya hau kan bangon tanki, ya rungumi fanka a hammata tana hura iska, ya ɗaura zare a hancin ɗan jirgin, ya fara ja yana tafiya da baya. Ɗan jirgin ya biyo shi, ya ɗaga hanci, ya fita daga ruwa gaba ɗaya.

"Kun gani? Ya tashi! Denzil, rubuta!"

"Injiniya, ai kai ne kake ɗaga shi da zare. Kana sama, yana ƙasa."

"Wannan an cire shi a lissafi."

"Wa ya cire shi?"

"Denzil, ina koya maka gasa burodi? To kada ka koya min ruwa."

Yana wannan magana yana ta ja da baya, bango kuwa ba ya jin Turanci. Inda ya ƙare nan ya ƙare. Osbert ya taka iska, ya juya, ya faɗa cikin tanki tinjim, shi da fanka da gwangwanin fentin da ya ajiye a baki. Allah ya taimake shi waya ta zare daga bango tun yana sama, in ba haka ba da labarin nan ya ƙare a nan.

Yana cikin fafutuka Mis Pearline ta shigo da hular cocinta. Ta dubi ruwan da ta tara tun watan Nuwamba, ya zama ja, mai yana yawo a kai, ga ɗan Lemuel a tsakiya yana furzar da shi.

"Bertie! Ubangiji ya dube ni! Me kake yi a cikin ruwan shana?"

"Mis Pearline, bincike ne. Wata rana sunan tankinki zai shiga littafi."

"Sunanka ne zai shiga kan dutsen kabari! Fito, ɗan banza mai kai kamar kwakwar da aka shanye!"

Kwana shida yana kwashe ruwa da bokiti yana kankare siminti, tana zaune a kujera tana nuna masa inda ya bari. Duk wanda ya wuce sai ya tsaya ya ce, "Sannu da aiki, Injiniya, yaya binciken?" Shi kuwa sai ya share gumi ya ce sakamako ya riga ya fito, kuma ya fi yadda ya zata.

Saura katakon fiffike. Ana bukatar mai faɗi, mai ƙarfi, wanda ya bushe sarai. Wata ranar Asabar Eudora ta dawo daga kasuwar kifi ta tarar da ƙafafuwa huɗu a tsaye a tsakar ɗaki babu komai a kansu. Teburin cin abincin mahaifiyarsu ne, wanda aka yi musu baftisma aka ci tuwon biki a kansa, wanda aka shimfiɗa hoton tsohon a kai ranar makoki. Ta fita rumfa ta same shi ya riga ya fere shi, ya ɗaure shi da ƙusoshi shida a ƙarƙashin Viola, fiffike ɗaya dama, ɗaya hagu.

Ta daɗe tana kallo. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, don har idonta ya kawo ruwa.

"Yaya, kada ki damu. In mun ci kofi zan saya miki na gilashi."

"A kan me za mu ci abinci yau?"

"Manyan masana a tsaye suke ci."

"To," in ji Eudora, ta juya ta tafi. Duk wanda ya san Eudora ya san gara ta zage ka da ta ce maka to.

Ana saura kwana uku tsere, ya tara ma'aikata goma sha uku a wurin babban sikelin da ake auna kifi a bakin gaɓa. Rabin ƙauye ya biyo don kallo. Ya zo da takarda mai layi-layi a kan allo.

"Na farko," ya ce, "rabin duwatsun nan a gaɓa za su kwana. Fiffike zai yi aikinsu. Na biyu, daga yau an daina wannan shirmen na in za a zubar da mutane, kyaftin ya duba fuska ya ce wane faɗa, wane zauna. Son kai ne. Yanzu lissafi ne zai yi magana. Za a auna kowa a rubuta. Wanda ya fi nauyi a takardar nan shi zai fara faɗawa ruwa, sai mai bi masa. Lissafi ba shi da ƙani, ba shi da aboki."

"Ko wane ne?" in ji Eudora. Wannan ce maganarta ta farko a kwana goma.

"Ko wane ne, Yaya. Kowa ya ɗaga hannu ya rantse."

Suka ɗaga hannu suka rantse a gaban Baffa Hubert da jama'a. Osbert ya fi kowa ɗaga nasa.

Denzil ya dubi sikelin ya ce shi bai yarda da shi ba, don kullum in ya sayi kifi sai ya ga kamar an ƙara masa. Osbert ya yi tsaki.

"Shi ya sa ake gwada na'ura kafin a yi aiki da ita. Matsa ka gani. Na san nauyina, da ni za a gwada."

Ya hau. Allura ta zabura ta yi rawa ta tsaya. Mis Pearline, wadda ta matso musamman, ta karanta da muryar da aka ji har coci.

"Laba ɗari biyu da sittin da huɗu! Kai, Bertie, kifin da ya kai ka sai an kira mota!"

"Daidai ne, sikeli lafiya lau," in ji Osbert da sauri. Don ya nuna musu yadda masana ke aiki, ya rubuta a can saman takarda da manyan baƙaƙe: O. Fleming, 264, ya ja layi a ƙasa. Sannan aka auna saura. Denzil ya zo da ɗari biyu da arba'in da biyar, aka yi masa ihu ana cewa ya fara koyon iyo. Osbert ya naɗe takarda cikin leda ya soke a aljihun gaba, yana jin daɗin kansa.

Ranar Litinin ɗin tsere gaɓa ta cika maƙil. Hayaƙin gasa haƙarƙari da kifi ya rufe sama, ana soya waina, ganguna na tashi, giyar rake na zagayawa tun kafin rana ta yi tsaka. Jirage goma sha biyu suka jeru a bakin ruwa. Goma sha ɗaya sun shiga salin-alin. Viola ce kawai ta ƙi, don fiffike ya nutse cikin yashi ya riƙe ta gam. Sai da mutum arba'in suka taru, har da limamin coci da ya zo sa albarka ya naɗe wando, suka ɗaga ta cak suka kai ta inda ruwa ya kai ƙirji.

Kyaftin Alwyn na ƙauyen gabas, mai jirgin da ake kira Hana-Barci, wanda ya ci kofi bara, ya leƙo daga nasa.

"Eudora! Me kuka rataya wa tsohuwar a ƙasa? Ko haihuwa za ta yi?"

"Ka tanadi numfashinka, Alwyn," Osbert ya amsa. "Za ka bukace shi wajen tambayar mutane ta ina muka bi."

Bindiga ta tashi. Filafilai suka cika da iska, jirage suka zabura. Viola ta yi nishi ta bi bayansu a hankali, tana tangaɗi saboda ƙarancin duwatsu, har sai da mutum goma suka kwanta a gefe ɗaya don kada ta kife.

"Yanzu za ta tashi," in ji Osbert. "Ku riƙe da kyau."

Suka riƙe. Ba ta tashi ba.

"Sai ta ƙara gudu kaɗan."

"Ai fiffiken ne ya hana ta gudun," in ji Baffa Hubert, wanda ke tsugune a cikin jirgin da ƙwarya a hannu.

"Baffa, kwashe ruwa aka ce ka yi."

Da ya ga tazara tana ƙaruwa, sai ya zaro taswira ya ce lissafi ya nuna gajeriyar hanya ta kusa da tsibirin duwatsu. Wurin nan kuwa cike yake da tarkunan kifi, kowane an ɗaura masa igiya da jarkar roba tana yawo a sama. Jirage sun saba bi ta nan ba abin da ke faruwa, don ƙasansu sumul ne, igiya ta goga ta wuce. Amma babu jirgin da ya taɓa bi ta nan da teburin cin abinci a ƙarƙashinsa.

"Bertie, igiyoyi," in ji Eudora, tana riƙe da igiyar filafili.

"Kyaftin nake a nan, Yaya."

Aka ji gif. Viola ta ɗan tsaya ta ci gaba, wata farar jarka tana biye da ita. Aka sake jin gif, shuɗiya ta shiga layi. Kafin su fita daga wurin, jarkoki uku ne ke tsalle a bayansu, ga tarkuna uku cike da kifi suna ja daga ƙasa. Jiragen 'yan kallo masu inji suka kewaye su ana ta shewa. Daga cikinsu wani ƙaramin kwalekwale ya ɓullo a guje, mai shi a tsaye, hula a karkace.

"Bertie! Ɓarawo! Ka gama da ruwan shana, yanzu kuma abincina? Tarkunana ne! Ga alamata nan a jiki!"

"Mis Pearline, ki matsa, kina ɓata mana iska!"

"Iska? Zan ɓata maka fuska in ka sauko!"

A daidai nan fiffike ya kamo igiya ta huɗu, wadda tarkonta ya maƙale a dutse. Viola ta tsaya cak, mutane suka zube a kan juna. Sai aka ji wata ƙara daga ƙasa, ƙusoshi shida suka tsinke a lokaci guda. Viola ta girgiza, ta miƙe, ta yanka ruwa da irin gudun da muka san ta da shi tun muna yara.

Osbert ya miƙe tsaye, hula a hannu, yana ihu har muryarsa ta dushe.

"Ta tashi! Na faɗa muku! Fiffike ya fara aiki! Denzil, duba agogo!"

Ma'aikatan duk suna kallon baya, inda teburin marigayiya Viola ke yawo a kan ruwa da jarkoki huɗu kewaye da shi, wani tsuntsun teku har ya sauka a kai. 'Yan kallo suna riƙe ciki. Osbert bai waiwaya ba, kuma babu wanda ya ga dalilin ɓata masa rai tukuna.

Daga nan tsohuwar ta nuna ko 'yar wa ce. Eudora tana sassauta igiya tana ja, tana cewa a hankali, "Dama kaɗan, Bertie, hagu kaɗan," shi kuma yana bi yana cewa dama abin da zai yi ke nan. Suka wuce jirgi ɗaya, suka wuce uku. Da suka zagaya alamar can cikin teku suka juyo gida iska tana bayansu, jirgi ɗaya ne kawai a gabansu, Hana-Barci.

Sai dai ramukan ƙusoshin nan shida suna ta shigo da ruwa. Baffa Hubert yana kwashewa da ƙwarya, ruwa yana dawowa. Can gaba aka ga mutanen Alwyn sun fara jefa duwatsu.

"A zubar da kaya!" in ji Osbert.

Aka zubar. Kafin a ƙirga ashirin an gama, tunda rabi yana can gaɓa yana shan rana. Hana-Barci kuwa har yanzu tana zubarwa tana ƙara sauƙi. Tsakaninsu tsawon jirgi biyu, ga tuta can tana kaɗawa a kan wata ganga da ke yawo a ruwa, ga gaɓa baƙi ƙirin da mutane.

"Lokacin lissafi ya yi," in ji Osbert. Ya zaro leda da hannu ɗaya, ya warware takarda da haƙori, ya gyara murya. "Denzil! Ɗari biyu da arba'in da biyar. Sai mun haɗu a gaɓa."

Denzil ya fara cire riga.

"Dakata," in ji Eudora. "Karanta daga sama, Bertie."

"Daga sama na karanta."

"Akwai wani a saman layi. Baffa, duba mana, idonka ya fi nawa."

Baffa Hubert ya ajiye ƙwarya, ya karɓi takarda, ya nisanta ta da fuska. "O. Fleming," ya karanta a nutse. "Ɗari biyu da sittin da huɗu. Rubutun ma mai kyau."

"Wannan gwajin sikeli ne! Ba ya cikin lissafi!"

"Wa ya cire shi?" in ji Denzil, yana mayar da rigarsa.

"Ni kyaftin ne! Kyaftin ba kaya ba ne!"

"Ka ce wanda ya fi nauyi a takardar nan," in ji Eudora. "Na tambaye ka ko wane ne, ka ce ko wane ne. Ka fi kowa ɗaga hannu."

Osbert ya dubi fuskoki goma sha uku, bai ga alamar wasa a ko ɗaya ba. Ya rungume sandar tuƙi da hannu biyu.

"Yaya, don Allah. Sandar Baba ce. Saura kaɗan a kai tuta. Ni ƙaninki ne fa!"

"Lissafi ba shi da ƙani," in ji Eudora.

Denzil ya kama ƙafafu, mutum biyu suka kama hammata. Hannun ne ya ƙi saki, har sai da Eudora ta tuna tun yana yaro ba ya jure cakulkuli, ta soka masa yatsa a haƙarƙari. Ya yi wata ƙara kamar akuya, yatsu suka buɗe. Aka lilo shi sau biyu, a na uku aka saki. Ruwan da ya tashi har gaɓa an gan shi.

Viola ta ɗaga kamar an sauke mata dutsen niƙa daga ka. Eudora ta zauna inda tsohon ke zama, ta ɗora hannu a sandar. Ba a ƙara zubar da kowa ba, don babu bukata. Suka kamo Hana-Barci, suka jera, Alwyn yana ta jefa mutanensa biyu-biyu yana zagi. A bakin ganga Denzil ya miƙa dogon hannunsa ya cafke tuta, tazarar ba ta fi kamu ɗaya ba.

Osbert bai ga wannan da kyau ba, don yana can yana shan ruwan gishiri. Kwalekwalen da ya fara isowa kansa kuwa, cikin duk kwalekwalen da ke tekun nan, na Mis Pearline ne. Ta kashe inji ta dube shi daga sama.

"Sannu, Injiniya. Wannan ma bincike ne?"

"Mis Pearline, miƙo hannu, don girman Allah."

"Zan miƙo. Amma tarkuna huɗu ne, kuma kai za ka jawo su, har da teburin uwarka."

Rana ta karkata kafin su iso gaɓa, yana zaune a kan tebur cikin kwalekwale, kifi na tsalle a ƙafafunsa, babu hula, babu tabarau. Jama'a suka dare masa hanya ana tafi ana fito. Kunya ta kama shi har wuya, amma bakin nan bai san kunya ba. Ya tsaya a gaban rumfa yana ɗiga, ya ɗaga yatsa.

"Ku shaida, lissafina ne ya ci tseren nan!"

"Gaskiyarka," in ji Baffa Hubert. "Shekara tara kana bincike, kuma ka gano abin da ke hana Viola gudu. Mun cire su duka biyun."

Gaɓa ta kece. Osbert ya buɗe baki zai rama, sai idonsa ya faɗa kan Eudora. Tana zaune a gefen jirgi, an zare sandar tuƙi an ɗora mata a cinya. Tafin hannunta yana cikin kwarmin nan, ya zauna daram babu ragi. Ya tuna yini guda yana riƙe da sandar yana ta gyara hannu, bai sami inda zai zauna ba. Karo na farko tun da ya sauka daga jirgin fito, Injiniya Fleming ya rufe bakinsa da kansa.

Eudora ta taso da faranti, an tula waina da haƙarƙari har suna zubowa, ta miƙa masa.

"Ci, Bertie. Baɗi ma muna bukatarka a jirgi."

Fuskarsa ta ɗan washe. "A matsayin mai ba da shawara?"

"A matsayin dutse. Ba mu taɓa samun irinka ba. Kana komawa gefe da ƙafarka in an juya, kuma in an jefa ka kana iya iyo." Ta ƙara masa waina biyu a kai. "Abu ɗaya nake roƙonka, kada ka kuskura ka rame."